Sun Raya Nasu, Ina Namu?

Malam Edita, a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a kan wani abu wanda na san waɗansu za su ce ba ya cikin manhaja. Maganar jirgin ƙasa ce, amma ba babban jirgin da kowa ya sani ba. Ƙananan jirage biyu na ke nufi, ɗaya a ƙasar Wales ta Birtaniya, ɗaya a nan ƙasarmu. Dukansu don jigilar abin da a ke haƙowa daga ƙasa aka yi su, kuma ko wanne ranar ta zo masa da kayan suka daina zuwa. Na Wales har yau yana tafiya da hayaƙinsa da kukansa. Namu kuwa an rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafansa.

Bari in fara da nasu. Sunansa Talyllyn, kada mai karatu ya wahal da harshensa wajen faɗa, ko Ingilishi ma sunan yana ba su wuya. Tsawonsa duka mil 7 ne da ɗan ɗori, daga garin Tywyn a bakin teku zuwa gindin duwatsu. A can bisa akwai wani rami mai suna Bryn Eglwys inda a ke fasa wani dutse mai tsagewa falle-falle. Da shi su ke rufin ɗaki, kuma irinsa ne allon dutsen nan da iyayenmu suka koyi baƙaƙe a kai. Wani attajirin masaƙar auduga na Manchesta, William McConnel, shi ya sa kuɗi. Yaƙin basasar Amurka ya tsai da zuwan auduga, sai ya nemi wata sana'a da zai juya dukiyarsa. Aka buɗe hanyar a 1865, a 1866 ta fara ɗaukar mutane. Wajen 1880 mutum kamar 300 ke aiki a ramin, suna fid da dutse tan 8,000 a shekara.

Faɗin dogon, watau ratar da ke tsakanin ƙarfe biyu, ƙafa 2 ne da inci 3. Babbar hanyar jirgi ta Ingila kuwa ƙafa 4 ce da inci 8 da rabi. Dalilin tsukewar ba wani abu ba ne sai kuɗi da duwatsu. Ƙaramin dogo yana iya shan kwana a gefen tudu inda babba ba ya iyawa, ba ya bukatar a sare dutse da yawa, gadojinsa ƙanana ne. Har ma sun yi tsumulmular da ta kusa ja musu. Da mai duba na Gwamnati ya zo a 1866, sai ya tarar ƙarƙashin gadoji ya matse, in fasinja ya buɗe ƙofa a nan ba shi da wurin fita. Maimakon su rushe gadojin, sai suka karkata dogon gefe guda, suka toshe ƙofofin taragun na ɗaya ɓarin. Har yanzu ta gefe ɗaya kaɗai a ke shiga jirgin nan.

A 1911 wani ɗan majalisa na yankin, Henry Haydn Jones, ya sayi ramin da jirgin don kada mutanen ƙauyen Abergynolwyn su rasa abin yi. Kuɗin gyara babu. Don a sami dutse cikin arha sai aka riƙa ɓantarar ginshiƙan da ke riƙe da rufin ramin, ga shi kuwa wanda ya ci ginshiƙin ɗakinsa ya san abin da ke tafe. A watan Disamba na 1946 ramin ya rufta, aiki ya tsaya. Tsohon ya yi alkawari muddin yana da rai jirgin ba zai tsaya ba, ya kuwa cika, ko da ya ke hasara ya ke yi. Ya rasu a watan Yuli na 1950. A lokacin katakon da ke ƙarƙashin dogo ya ruɓe, a wurare da yawa ciyawa da ƙasa ne kaɗai su ke riƙe da ƙarfen, kan jirgi ɗaya tak ke iya motsi.

To, a nan ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru. Wani injiniya marubuci, Tom Rolt, ya kira taro a birnin Birmingham ran 11 ga Oktoba 1950. Mutum kamar 70 suka zo. Suka kafa jam'iyya, suka ce za su tafiyad da jirgin da kuɗin aljihunsu da ƙarfin hannunsu, ba albashi. Matar marigayin ta yarda ta miƙa musu. Ran 14 ga Mayu 1951 jirginsu na fari ya tashi. Ba a taɓa yin irin wannan a duniya ba sai su. Suka sayi kan jirgi biyu daga wata ƙaramar hanya ta maƙwabta da aka rufe a 1948, ko wanne fam 25. Akawu da likita da malamin makaranta su kan ɗauki hutunsu su zo su yi ta haƙa da shebur. Wani limamin coci ma, Wilbert Awdry, wanda ya rubuta wa yara labarun jiragen ƙasa, ya yi aikin mai tuta a nan. A 1976 suka ƙara tsawon hanyar zuwa Nant Gwernol. A 2021 UNESCO ta sa yankin dutsen allo na arewa maso yammacin Wales cikin wuraren tarihi na duniya, ramin da ƙauyen da jirgin duk suna ciki. Kan jirgin nan biyu na asali, na 1864 da na 1866, har yanzu suna jan taragun da aka saya tare da su.

Mu a nan muna da suna ga irin wannan aiki. Gayya ke nan. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Turawa, waɗanda a ke ce mana ba su san kome ba sai albashi, su ne suka yi wa jirgi gayya shekara saba'in da 'yan kai ba su gaji ba.

Yanzu ga namu. Tun kafin Bature ya zo, maƙeran Ririwai suna narka kuza suna sayarwa. Da kamfanonin Turawa suka dira a kan tudun Jos a farkon ƙarni na 20, babbar matsalarsu ita ce yadda za a fid da kuzar. A ka a ke ɗaukarta. 'Yan alaro su kan yi kwana da kwanaki da ita har Loko a bakin Binuwai, sa'an nan a sa a jirgin ruwa. Da dogon Baro ya kai Kano a 1911, sai aka ga ya fi sauƙi a ja reshe daga Zariya. Aka zaɓi ƙarami, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, alhali babban dogon Nijeriya ƙafa 3 ne da inci 6. Ya bi ta Soba da Dutsen Wai, ya kai Rahama a 1912, ya hau tudu ta Jengre, ya iso Jos da Bukuru a 1914. Mil 143 ke nan, watau ya ninka na Wales kusan sau ashirin. Zariya tana bisa teku da ƙafa dubu biyu da wani abu, Jos kuwa wajen dubu huɗu, duk ɗan jirgin nan ya kan haye da kaya.

An kira shi ƙaramin jirgin Bauchi, amma bai taɓa shiga garin Bauchi ba. A lokacin tudun Jos yana cikin Lardin Bauchi, sai a 1926 aka yanke shi ya zama lardi mai zaman kansa. Garin Bauchi bai ga jirgi ba sai 1961, sa'ad da a ke jan dogo zuwa Maiduguri. Abin dariya, na Wales ma haka ne: akwai tabki mai suna Talyllyn, amma jirgin ya tsaya mil kamar uku kafin ya kai gare shi.

Abin da ya kashe namu a fili ya ke, kuma darasi ne mai kyau ga ɗan aji shida. Tun da faɗin dogon biyu ba ɗaya ba ne, ko wane buhun kuza sai an sauke shi a Zariya an sake lodinsa a babban wagunu, ko wane ƙarfen injin haƙa sai an yi masa haka a kan hanyar zuwa. A 1927 babban dogo ya hau tudun daga Kafanchan. Daga nan kuza ta sami hanya kai tsaye zuwa Fatakwal, kwal na Inugu kuma ya sami hanya kai tsaye zuwa ma'adinai, ba saukewa ba sake lodi. Aka mai da mil 10 na tsakanin Jos da Bukuru babban dogo. Ƙaramin ya rage da fasinja da amfanin gona, su ma motocin lori suka zo suna janyewa. Ya ƙara shekara talatin yana lallaɓawa. Ran 30 ga Satumba 1957 aka rufe shi. A cikin wannan shekara ce gidan talbijin na BBC ya nuna jirgin Talyllyn, jama'a suka yi ta ɗunguma zuwa hawansa.

Ban ce waɗanda suka rufe shi sun yi wauta ba. Hukumar reluwe da aka kafa a 1955 lissafi ta duba, lissafin kuwa bai goyi bayan ɗan jirgin ba. Mil 133 ba abin da 'yan gayya za su riƙe ba ne. Amma da an bar ko mil biyar na hawan tudun nan, da yau muna da abin da babu irinsa a Afirka ta Yamma. Abin da aka yi dai, an kai waɗansu kawunan jirgin da taragu harabar gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya buɗe a 1952. Madalla da wanda ya yi wannan tunani. Sai dai jirgin da ke tsaye ba wuta a cikinsa gawa ce, yaro zai dube shi ya wuce wajen namun daji.

Na tattauna maganar nan da abokai a ɗakin kwana da wajen cin abinci, na kuwa sha suka. Mafi ƙarfinta ita ce wannan: jirgin nan ba don mu aka yi shi ba. An yi shi don a kwashe arzikin ƙasa a kai Ingila. Leburorin da suka shimfiɗa dogayen wancan zamani da yawansu hakimai da dagatai ne suka tara su bisa umurnin Gwamnati, ba da son ransu ba. Daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya da kuzarta, aka ɗebi dubban talakawa daga lardunan Arewa aka kai su aikin tilas a ramukan kuza, sanyin tudu da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Har yau ga kududdufan da haƙa ta bari sun cinye gonaki, suna cin mutane da dabbobi. Abokina ya ce mini, “Kai kana so mu shafa wa sarƙar da aka ɗaure kakanninmu fenti?”

Maganarsa tana da nauyi, ba na raina ta. Amma a duba mutanen Wales. Su ma akasarin kuɗin baƙi ne da na manyan masu ƙasa, riba ta tafi wani wuri, su aka bari da ƙurar dutse a huhu. A wani babban rami na arewacinsu, Penrhyn, ma'aikata sun yi shekara uku, daga 1900 zuwa 1903, suna ja da mai ramin, gidaje suka watse. Duk da haka ba su ce a share alamar ramukan ba, sabo da sun san hannuwan da suka fasa dutsen nasu ne. Mu ma hakanan. Bature ya zana hanya a takarda, amma wa ya ɗauki ƙasa a kwando ya yi tudun da dogo ya hau? Wa ya fasa dutse a hawan Jengre? In muka bar wurin ya ɓace, ba kamfanin kuza muka hukunta ba, shi ya riga ya ci ribarsa ya tafi. Sunan leburan muka binne. Ni a ganina wanda ya fi jin zafin aikin tilas shi ya kamata ya fi kowa son a nuna wa yara inda aka yi shi.

A nan ma ina da abin da zan soki Turawan da shi. Jirgin da aka wanke, aka goge tagullarsa tana ƙyalli, ga masu yawon hutu suna shan shayi suna kallon ruwa yana zubowa daga dutse a Dolgoch, yana iya sa mutum ya manta cewa waɗanda aka yi jirgin dominsu suna shiga rami tun duhu su fito da duhu. Kuma jam'iyyar da ta ceci jirgin a Birmingham aka kafa ta, ba a ƙauyen masu fasa dutse ba. Masu son inji ne suka fara, ba 'ya'yan ma'aikata ba. In mu za mu yi namu, kada mu fara da fenti. Mu fara da mutane.

Suka ta biyu ita ce ta kuɗi. An ce ƙasar da manyan jiragenta na tsohon dogo suka yi shekaru suna ciwo, makarantunta ba benci, ina ta ga kuɗin wasa da ɗan jirgi? Wannan gaskiya ne, shi ya sa ban roƙi Gwamnati ko kwabo ba. Ban kuma ce a sake shimfiɗa dogo daga Zariya ba, mafarki ne. Na kuma yarda Wales tana da baƙi masu kuɗin hutu waɗanda tikitinsu ke sayen kwal, mu ba mu da irinsu da yawa. Amma kada a ce ɗan Nijeriya ba ya iya irin wannan. A Ebute Metta ta Ikko akwai wani tsohon gidan reluwe na 1898, gidan Jaekel, wanda wata jam'iyya ta masu son tarihi, Legacy 1995, ta gyara a 2010 ta mai da shi ɗan gidan tarihin jirgin ƙasa. Mutane ne kawai suka ga abu zai lalace suka tashi.

Abin da na koya daga labarin Talyllyn ba yawan kuɗi ba ne, sauri ne. Tsohon ya rasu a Yuli, a Oktoba sun yi taro, a Mayu jirgi ya tashi. Da sun yi jinkirin shekara biyu, da masu sayen tsohon ƙarfe sun riga su. Mu wannan ranar ta wuce mu a 1957 game da ƙarfe. Amma akwai abin da ya rage wanda ranarsa ba ta wuce ba tukuna, tana dai gab da wucewa. Yaron da ya hau jirgin nan yana ɗan shekara goma a shekarar da aka rufe shi, yau ya kusa tamanin. Su ne na ƙarshe. Nan da 'yan shekaru ba za a sami mai cewa “na shiga” ba, sai mai cewa “an ce”.

Ga inda abin ya shafe mu a wannan kwaleji. Ko wace shekara a kan watsa mu makarantu domin gwajin koyarwa, bayan mun gama kuma a kan tura mu ƙauyuka, da yawanmu ma daga wannan yanki muka fito, can mu ke hutu. Ba wani ma'aikaci da ke shiga lungu kamar malamin makaranta, ba kuma wanda tsofaffi su ke sakin jiki da shi kamarsa, tun da jikokinsu suna hannunsa. Kusan kowa a cikinmu yana da waya mai ɗaukar murya da hoto a aljihu. Me zai hana wanda ya sami kansa a Soba, ko Dutsen Wai, ko Rahama, ko Jengre, ya nemi iznin mai gari, ya zauna da dattawa yamma biyu ko uku? Ya kuma ɗauki 'yan ajinsa su bi sawun hanyar, su nemi inda tasha ta ke a dā, da tudun da aka tara, da gindin gada in ya saura, su auna da igiya, su zana taswira.

Wani zai ce wannan ɓata lokacin darasi ne. Ni kuwa na ce shi ne darasin. A aji a kan koya mana cewa a fara da abin da yaro ya sani a kai shi ga abin da bai sani ba, mu rubuta a jarrabawa mu ci, sa'an nan mu je mu sa yara haddace sunayen gwamnoni da shekarunsu. Ga lissafi a nan: a zana layi biyu a ƙasa, ratar ƙafa 2 da inci 6, a zana waɗansu na ƙafa 3 da inci 6, a kuma zana na ƙafa 4 da inci 8 da rabi irin na jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, a bar yara su faɗi da kansu dalilin da ya sa wagunun wannan ba ya hawa dogon wancan. Ga labarin ƙasa: me ya sa hanyar ta yi ta kewaye kafin ta hau tudu? Ga tarihi: me ya kawo Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Urhobo garin Jos har ya zama yadda ya ke, su wa suka tarar a wurin, me ya sami gonakin Birom? Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta wasa ba ce, kowa ya san abin da rashin fahimtarta ya jawo mana. Gara yaro ya ji ta a aji daga bakin malami mai adalci da ya ji ta a kasuwa daga bakin mai fushi. Har kawunan yumɓu na Nok da mu ke alfahari da su, a wajen haƙar kuza aka tono su.

Ina roƙon jam'iyyarmu ta tarihi ta ɗauki wannan aiki, ta tsara tambayoyi a takarda ɗaya ta raba wa duk mai tafiya wannan yanki, abin da aka samo kuma a ajiye kofi ɗaya a laburaren kwaleji, ɗaya a miƙa wa gidan tarihi na Jos don ya zauna kusa da taragun. Tambayoyin kada su zama na Turanci masu tsoratarwa. A tambayi tsoho nawa a ke biya zuwa Zariya, ƙarfe nawa jirgi ke isowa, me a ke lodi a tasharsu, wa ya sani da aka ɗiba zuwa kuza, ya dawo ko bai dawo ba, wane suna mutanen garin su ke kiran jirgin da shi, ina aka kai ƙarafan da aka tumɓuke. A rubuta amsa yadda ya faɗe ta, da harshen da ya faɗe ta, kada malami ya gyara masa magana. A kuma nemi yardarsa kafin a ɗauki muryarsa.

Kada kuma a tsaya ga maza. A ko wace tasha akwai 'yan mata masu tallar gyaɗa da ƙosai da rake ta tagar tarago, waɗansunsu suna nan da rai cikin gidaje, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu kome. Wannan sashe 'yan'uwanmu ɗalibai mata ne za su iya shi, gama su ne a ke bari su shiga har ɗaki. In Malam Edita ya yarda ya keɓe shafi biyu a fitowa ta gaba, ni na ɗauki Jengre.